Yaushe, In Ji Mai Farar Safar Hannu

Kun daɗe kuna ba da labarin nan a karkace, ni kuma na daɗe ina jin ku ina yin shiru. A sunan 'yar maƙwabciyarmu Salamatu na ji wata mata da ban ma santa ba tana gaya wa jama'a wai Inna ta Takur ta shaƙe ɗan sanda a Japan, har sai da aka kira jakada. Mutumin ba ɗan sanda ba ne, ko rigarsa ban taɓa ba, kuma babu jakadan da ya san na shiga ƙasar. Tunda daga bakinku labarin ya fita, ku 'ya'yana, sai ku zauna ku karanta yadda aka yi, da rubutun hannuna. Amma ba daga Japan zan fara ba, domin ba can abin ya fara ba.

Kun san mahaifina malamin allo ne a ƙauyenmu na bayan Kiyawa. A gabansa na yi karatun Alƙur'ani, kuma yadda ya koya mana shi ne ka ɗora tsinke ko yatsa a kan harafi, ka faɗe shi da ƙarfi har kunnenka ya ji, sannan ka matsa gaba. In ka yi shiru sai ya ce barci kake yi. Boko kuwa ba a sa ni ba. Sai da na haife ku duka, mahaifinku ya sami aiki a Dutse muka dawo Takur, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da uku. Bayan la'asar muke zuwa, mu zauna a kan bencin 'yan firamare, gwiwoyinmu na dukan tebur. Na koyi haruffan boko kamar yadda na koyi na allo, da yatsa da murya. Wata rana da hantsi ina zaune a tsakar gida da kwalbar maganin tari, na ɗora yatsa a kan takardar ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Murna nake yi, don karon farko ke nan da zan san abin da zan ba ɗana ba tare da na tambayi kowa ba. Sai babbanku, wanda ba na kiran sunansa, ya shigo da abokansa biyu daga sakandare. Ya tsaya a bayana, ya ɗaga yatsa sama, ya siranta murya.

"Co-ka-li… ɗa-ya… Inna 'yar aji ɗaya!"

Kuka kwashe da dariya, dukkanku, har da Rabi da take goye a bayan yayarta ba ta san me ake yi wa dariyar ba. Mahaifinku, Allah ya ji ƙansa, yana kan tabarma ya yi murmushi ya ce, "Ai sai ki riƙa yi a zuci, Hajiya, kamar yadda manya ke yi." Na ba yaron maganinsa, na rufe kwalbar. Kun san ni, ba na barin magana ta kwana a cikina, har mai unguwa na taɓa gaya wa gaskiya a ƙofar gidansa. Amma wannan ta shige ni ta wani wuri da ban sami bakin mayarwa ba. Daga ranar ban ƙara karanta komai a gaban mutum ba. A zuci kuwa ba na iyawa, in ban sa yatsa ba haruffan gudu suke yi suna hawa kan juna. Sai na rufe ɗaki nake karatuna. A waje, in aka miƙo mini takarda, sai in ce ban zo da tabarau ba. Shekara ashirin da wani abu ina wannan ƙaryar tabarau.

Yanzu ga Japan. Rabi, autata, ta auri Malam Nura, malamin jami'a a Kafin Hausa, aka tura shi Nagoya ƙaro karatu a kan noman shinkafa, ya tafi da ita. An shirya zan je wankan jego, sai haihuwar ta riga lokacinta da kusan wata biyu. Na sauka na tarar da jariri a cikin kwalba, ita kuma an riƙe ta a asibiti saboda hawan jini. Gidansu kuwa, ɗakin girkina na Takur ya fi falonsu girma. Malam Nura mutum ne mai kunya, ni ma a lokacin ina kunyarsa yadda ake yi da suruki. Sai ya bar mini gidan ya koma kwana wurin abokin karatunsa. Kullum da safe zai zo ya durƙusa a bakin ƙofa, wurin da suke ajiye takalma, ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon bango.

Sau biyu ya kai ni asibitin, a jirgin ƙasa da ke tafiya ta ƙarƙashin gari. Tashar unguwarsu ba wata babba ba ce. In kana tafe a titi ba za ka ce akwai ta ba, sai dai wata 'yar rumfa kusa da shagon mai gyaran keke, da matakala da ta nutse cikin ƙasa. Ka sauka, ka ɗora kati a kan wata 'yar ƙofa ta buɗe da kanta, ka sake sauka. Can ƙasa akwai dandali ɗaya dogo, jirgi na zuwa ta dama, wani na zuwa ta hagu. Wurin fes, babu ko ɓawon gyaɗa, da wata iska mai ɗumi da ke riga jirgi isowa. Sun shimfiɗa wani layi ruwan ɗorawa mai ƙuraje-ƙuraje a ƙasa don makafi su bi da sanda, wannan ya burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne shirun. Mutum hamsin a tsaye, babu mai ce wa wani sannu. Ranar farko na yi sallama da na shiga jirgi, Malam Nura ne kaɗai ya amsa, shi ma a ciki-ciki.

Matsalar ita ce Rabi ba ta cin abinci. Abin da suke kawo mata babu yaji babu daddawa, ga tsoron ko an haɗa da abin da bai halatta ba. Ba ta ci, nono bai zo ba, jaririn kuma ta wani siririn bututu ake ɗura masa madarar gwangwani. Na zo da garin kunu da kanwa da yajin jego daga gida, ma'aikatan asibitin kuma sun yarda a kawo mata. Sai dai lokacin ziyara daga azahar ne zuwa la'asar, daidai lokacin da Malam Nura ba ya iya barin ɗakin bincikensa. Ya gwada kai kunun da yamma, aka karɓa a ƙofa, ya isa gare ta ya yi sanyi ya kama jikinsa. Kurɓa biyu ta yi ta ajiye. Washegari da ya zo gaisuwa na ce wa bango ni zan riƙa kaiwa.

"Inna, don Allah ki yi haƙuri," in ji shi. "Jirgin nan ba motar Kiyawa ba ce, babu kwandastan da zai ce miki an iso. In kika ɓace a garin nan, me zan gaya wa mutanen gida?"

Na ce, "To."

Yana fita na kira Rabi a waya. Muryarta ta yi ƙasa kamar ta tsohuwa. Na ce ta faɗo mini hanya. Ta ce kowace tasha tana da lamba, tasu sha biyu ce, ta asibiti sha shida, in fita ta ƙofa ta uku. Sannan ta faɗo mini sunan tashar ƙarshe ta ɓangaren da zan bi, harafi-harafi, na rubuta a bayan kwalin shayi.

"Ki duba allon sama, Inna. A ƙarƙashin rubutunsu akwai irin namu ƙanana. Za ki iya?"

"Ke dai ki wanke baki ki jira kunu," na ce mata.

Na dama kunun kanwa mai kauri, na cika fulas, na ɗaura shi a zani, na yi azahar, na fita. Har ƙasa na isa lafiya. A nan na ɗaga kai na ga alluna biyu, ɗaya na nuna dama, ɗaya hagu. Rubutunsu na sama kamar an watsa tsinken tsintsiya, namu na ƙasa kuwa sunaye biyu ne dogaye, kuma duk da harafi ɗaya suka fara. Na san abin da ya kamata in yi: in matsa kusa, in ɗaga yatsa, in bi su ɗaya-ɗaya da baki. Hannuna har ya fara tashi. Sai na ga wasu mata biyu a gefena da wani dattijo mai jarida, na mai da hannun cikin hijabi. A ƙasar da babu wanda ya san sunana, dariyar tsakar gidana ce ta riƙe mini hannu. Na saci kallon allon kamar yadda manya ke yi, na ga harafin farko ya yi daidai, jirgi ya zo ta hagu, na shiga.

Lamba kam ina gane ta ko ba yatsa. Tasha ta gaba na ga sha ɗaya. Ta gaba goma. Na ce, Hajiya, baya kike yi. Na sauka, na tsallaka ɗaya gefen, na hau mai komawa. Da hankalina na jikina da na zarce har sha shida, tunda yanzu lambar hawa take yi. Amma ban ƙara yarda da kaina ba, ina ganin sha biyu na yi wuf na fito kamar wadda aka kora. Na zauna a benci a tasharmu, fulas a cinya, na rasa ta ina ma na shigo. Agogon tashar na ta tafiya, lokacin ziyara na ƙarewa.

A nan na lura da shi. Ma'aikacin tasha ne, gajere, da furfura a ƙarƙashin hula, da kaki mai duhu da farar safar hannu. Yana tsaye can ƙarshen dandalin. Jirgi ya zo ya tafi, sai ya miƙe hannu sambal, yatsa a tsaye, daidai inda nake zaune, ya ɗaga murya.

"Yaushe!"

Na waiga, babu kowa a bayana. Na ce ko kunnena ne. Wani jirgin ya zo ya wuce, ya sake juyowa, ya sake miƙo yatsan.

"Yaushe!"

Ku da kuka tashi da Hausa kun san wannan yaushen. Ba ta tambayar lokaci ba ce. Ita ce wadda ake ce wa mutum in ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa: ke ɗin? Yaushe! Ban tsaya tunanin ina bajapane ya koyi Hausa ba. Abin da na sani, a garinmu ko akuyar mutum ba ka nuna wa yatsa haka, balle tsohuwa mai jikoki. Da ya yi na uku sai na miƙe, na rungumi fulas, na taka har gabansa.

"Kai, bawan Allah! Wa kake nuna wa yatsa? Na ci maka wani abu ne? Yaushe ɗin me? Yau ɗin nan, in Allah ya yarda, kana tsaye za ka gani!"

Wannan shi ne duk faɗan da kuke ba da labari. Na ɗaga murya, ban musa ba, a wurin da ko tari ba a yi da ƙarfi. Mutane suka kalle ni suka yi maza suka kau da kai. Shi kuwa sai ya haɗe ƙafa ya sunkuya mini.

"A'a, tashi," na ce. "Ni ba a yi mini ruku'u. Magana na tambaye ka."

Ya ɗago, ya faɗi wani abu a hankali, idonsa a kan kwalin shayin da ke hannuna. Ya miƙo hannu biyu, na ba shi don in ga iyakarsa. Sai ya ɗora farin yatsan nan a kan rubutuna, rubutun da ko ku ban taɓa nuna wa ba, ya fara bin haruffan ɗaya bayan ɗaya yana faɗa da baki, gaɓa-gaɓa, a fili. Ya gama, ya juya ya miƙa yatsa ga allon dama, ya sake faɗar sunan gaɓa-gaɓa. Ya nuna lamba sha shida a kan taswirar bango, ya faɗe ta. Sannan ya nuna gefen da zan tsaya.

"Yaushe!" in ji shi, yana murmushi.

Na tsaya inda ya nuna ina kallonsa ya koma wurinsa. Ya nuna agogo, ya yi magana. Ya nuna bakin dandali inda babu kowa, ya yi magana. Jirgi ya shigo, na hango direban ta gilashi, shi ma da farar safa, yana nuna wani abu a gabansa bakinsa na motsi. Ashe ba ni yake nunawa ba tun farko, layin dogon yake dubawa, ni ce na zauna a kan hanyar yatsansa. Dattijo da furfurarsa, da kakin gwamnati, yana aiki da yatsa da murya kamar ɗalibin mahaifina, a tsakiyar jama'a, kuma babu wanda ko murmushi ya yi. Na bar wannan jirgin ya wuce da gangan. Na matsa ƙarƙashin allon dama, na fito da hannuna daga hijabi, na ɗaga yatsa, na karanta sunan nan da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, na gwada shi da na kwalina. Daidai. Na gaba na zuwa na shiga, kowace tasha in nuna lambarta ta taga in faɗa: sha uku, sha huɗu, sha biyar. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta gyaɗa mini kai a sha shida.

Na isa saura kaɗan a rufe. Kunun da sauran zafinsa. Rabi ta sha kofi ɗaya, ta miƙo a ƙara, ta sha na biyu gumi na karyo mata. Sai da ta ajiye kofin na ba ta labari, ta yi dariya har tana riƙe ɗinkin cikinta.

"Wayyo Inna! Ba yaushe yake cewa ba, yoshi yake cewa. Wato daidai, komai lafiya. Haka ake koya musu, duk abin da suka duba sai sun nuna shi sun faɗa da baki, wai ido shi kaɗai yana yaudarar mutum."

"Ai kakanki Malam ya gaya mana haka tun ba a haifi uban wannan mutumin ba," na ce.

Abin bai zo a kyauta ba, ya ci wani abu. Malam Nura, da hankalinsa bai kwanta ba, ya baro aikinsa ya leƙo gida bayan azahar bai same ni ba, ya zaga unguwa a guje har ya kai ga ofishin 'yan sanda, inda ɗan sandanku na cikin labari ya samo asali ke nan. Da ya iso asibiti ya gan ni zaune ina sa wa Rabi yaji a romo, idonsa ya yi ja.

"Inna, kin ce mini to."

A ranar na daina yi wa bango magana. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Na ce to, kuma na saɓa, ka yafe mini wannan. Amma gobe ma zan zo, jibi ma haka. 'Yata ce a kwance." Kunyar surukuta da ke tsakaninmu a nan ta karye, ba ta kuma ɗinku ba. Har yau in ya zo Takur muna zama mu yi hira kamar uwa da ɗa, kuma na san ƙannen mahaifinku suna cewa Hajiya ta je ƙasar waje ta zubar da kunya. Na ji, na ɗauka. Wani lokaci ni ma ina kewar waccan gaisuwar ta bakin ƙofa.

Kwana huɗu ina kai kunu nono ya zo. Ba na ce kunun ne kaɗai ba, likitoci sun yi nasu, Allah kuma shi ya yi komai. Amma na ga ranar da aka cire bututun aka ɗora mata yaron a ƙirji. Shi ne Abdullahin da yanzu yake cinye muku tuwo in sun zo hutu. Mako biyar na yi ina bin tashar nan kullum. Na san shagon mai keke, na san matakala ta fi sauƙi ta gefen hagu, na san iskar da ke cewa jirgi ya kusa. Ni da mai farar safa ba mu taɓa sanin sunan juna ba. In na sauko sai in tsaya ƙarƙashin allo in karanta shi da yatsa, ko da na riga na haddace, in juya in ce masa, "Yaushe!" Shi kuma ya amsa da tasa. Ranar da zan dawo gida na kai masa ƙullin yajin jego. Ya karɓa da hannu biyu, ya fara sunkuyawa, ya tuna, ya miƙe. Allah ya sa bai zuba shi da yawa ba.

Kai kuma babba, na san za a kawo maka wannan takarda, kuma na san ka manta da ranar maganin tari, don yaro ne kai lokacin. Ban rubuta don ka zo ka durƙusa ba, na yafe tun kafin ka yi gemu. Na rubuta ne don na ga 'yarka ta tsakiya tana karatu da yatsa rannan, na kuma ji ka ce mata ta daina, wai abin kunya ne. Ka bar ta.

Shafin nan ma da na gama shi a tsakar gida na zauna, ƙofa a buɗe, masu ɗiban ruwa na shige da fice. Na bi shi layi-layi da yatsa, na karanta da ƙarfi, na gyara kuskure uku. Da na kai ƙarshe na ɗora yatsa a kan ɗigon, na faɗi abin da mutumin nan yake faɗa. Ku ma kun san ko mene ne.